Baƙin tabo a tafin ƙafa: gwaji kafin wuƙa

Salamu alaikum, 'yan uwa na Aboabo, Asawase da sauran zangon Kumasi.

A jikin baƙar fata, sankarar da likitoci ke kira melanoma ta fi ɓuya a tafin ƙafa, diddige da ƙarƙashin farce. Shi ya sa ake ɗaukarta gyambon ciwon suga, ko a ce mutum ya taka asiri, a yi ta shafe-shafe wata da watanni har kaluluwa ta fito a matsematsi.

Idan an je asibitin Komfo Anokye, ko Korle Bu ga mutanen Accra, ba a fara magani sai an yanki tsoka an kai ɗakin gwaji. A nan ake yawan yin ɓarna. Dole yankan ya nutsa har ƙasan tabon, domin abin da ake aunawa zurfinsa ne, da milimita. Wanda aka kankare sama-sama ko aka ƙona a gida, ma'auninsa ya tafi ke nan. Kuma a jefa tsokar nan take cikin ruwan fomalin, mai hana ta lalacewa, kada a bari ta bushe a auduga. Sakamakon ne ke nuna faɗin yankan tiyata: in zurfin bai wuce milimita 1 ba, ana yanke santimita 1 na lafiyayyar fata kewaye da tabon. Ya haura milimita 2, sai santimita 2. Ya wuce milimita 4, ko samansa ya fashe yana jini, haɗarin yaɗuwa ya yi yawa.

Sai a bi sawun sankarar, a ga ko ta yaɗu. Kaluluwa, a duba ta da na'urar sikanin, a zuƙi samfuri da allura. A ɗauki hoton CT na ƙirji, ciki da ƙugu, da MRI na ƙwaƙwalwa, don cutar nan tana son zuwa can ba tare da ciwon kai ba. A jini kuma a auna LDH, wani sinadari da kan ƙaru in cutar ta yaɗu.

Ta tsaya a kaluluwa, mataki na 3 ke nan, tiyata na da babban amfani. Ta kai huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa, mataki na 4, magani ya koma na jiki duka. Ku tambayi likita gwajin BRAF, mai neman wani canji a ƙwayar halittar sankarar: ƙwayoyin dabrafenib da trametinib ba sa aiki sai an samu wannan canjin, kuma a melanomar tafin ƙafa ba a cika samunsa ba. Kada iyali su sayar da kadara su saya kafin sakamako ya fito.

Akwai pembrolizumab, ƙarin ruwa duk mako 3, mai zaburar da garkuwar jiki. Yana da tsada ƙwarai, gara a yi maganar kuɗi tun zaman farko. Gasa sankarar da hasken na'ura (radiotherapy) kuwa yana rage zafin ƙashi da zubar jini.

Mai karɓar pembrolizumab, in ya fara gudawa ba tsayawa, tari ko haki, kada a tsaya sayen magani a kemis. Mai yiwuwa garkuwar ce ta juya kan hanji ko huhu. A koma asibiti ranar.