Sauke Tankin Mai: Laccar Wani Tsohon Makanike Ga Masu Koyon Aiki

Assalamu alaikum. Iyayen gida, abokan sana'a, da ku yaranmu masu koyon aiki, sannunku da zama cikin wannan rana.

An ce in yi magana a kan sauke tankin mai. Na hango wasu can baya suna murmushi, wai ai noti huɗu ne da tiyo biyu. Kwancewar kam ba wuya. Abin da ke kai mutum asibiti shi ne abin da bai yi ba kafin ya ɗauki sifana.

Ka fara tambayar kanka: dole ne a sauke shi? Zamanin Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, famfon mai a jikin injin yake, yana ba kafireto. Tanki ba ruwanka da shi sai in ya huje ko ya yi tsatsa. Motocin injekta ne suka tura famfon cikin tanki, man da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Shi ya sa direban da kullum gejinsa a ƙasa yake ba ya rabuwa da sayen famfo. To, a ƙananan motoci da yawa, irin su Corolla, in ka ɗaga kujerar baya za ka tarar da murfi, ka zaro famfon ta nan. Na sha ganin yaro ya yi wuni a ƙarƙashin mota a kan aikin rabin awa. Saukewa sai in babu wannan murfin, ko dutse ya fasa tankin, ko za a wanke shi saboda ruwa da dattin man bumburutu. Kun tuna farkon 2022, da aka shigo da gurɓataccen fetur mai methanol, yadda garejoji suka cika da wankin tanki.

In ta kama a sauke, ka sani man da ke cikin layin injekta a matse yake, matsinsa ya fi na iskar da ke cikin tayar motar. Ka zare tiyo haka nan, a ido zai same ka. Cire fiyus ɗin famfo, ka tayar da mota, ka bar ta ta mutu da kanta. Sannan ka cire kan batir, na nagetif.

Sai zuƙe man. Litar fetur ɗaya kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, wato lita 60 ta kai kilo 45, saura kaɗan buhun siminti. Buhun siminti kuwa ba ya motsi. Wannan da ka karkata shi man zai kwarara gefe guda, ya fizge daga hannunka ya sauka a ƙirji. Kuma don Allah a daina zuƙa da baki. Kurɓi ɗaya in ya sarƙe ka ya shiga huhu, ciwo ne babba. A nemi famfon hannu, a zuba a jarka mai murfi, ba a bokiti ko bahon wanki ba.

Nan ne nake so ku buɗe kunne. Ba ruwan fetur ne ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Tururin nan ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, ƙasa yake bi yana rarrafe, ya gangara ya taru a ramin gareji inda kai kake tsaye. Kai kana ganin ba wuta kusa, alhali rishon mai shayi na can, janareta na aiki, maƙwabcinka mai walda ya kunna injinsa. Tartsatsi ɗaya ya isa. Da hunturu ma, bushewar iska kan sa riga ko jarkar roba ta yi ɗan tartsatsin nan da kake ji a yatsa. Ni dai a wajena wannan aiki a fili ake yinsa, ba a kan rami ba, da tukunyar kashe gobara a kusa.

Sauran mai sauƙi ne. A bar salansa ta huce, a sa waigi a taya, a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, kada wanda ya shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. Kwance tiyon da ya taho daga bakin shan mai. Tallafi tankin da jak, da faffaɗan katako a tsakani, ka sassauta madaurai. Sauke shi kamar taƙi ɗaya ka tsaya, ka zura hannu ka cire soket da ƙananan tiyoyin da ke samansa. Maƙalan roba ne, danna su ake yi, ba a ɓamɓara da sukundireba.

Yanzu tanki ya sauka, babu mai a ciki, yaro ya ɗauka zai kai walda. Tsaya! Tankin da ya cika ya fi wannan aminci. Tururin fetur yana fashewa ne in ya gauraya da iska, ya zama tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar, kuma wannan haɗin a cikin tankin da ka ce ba komai ake samunsa. Ina yaro, a garejin da na koyi aiki, an shanya wani tanki kwana biyu a rana, aka ce ya bushe. Wuta na taɓa shi ya buɗe kamar gwangwanin madara, mai waldan bai ƙara ji da kunnen hagu ba. In dole sai an yi, a wanke da ruwan zafi da omo sau da yawa, a cika shi da ruwa har dab da wurin da za a liƙe. Na roba kuwa, ni ba na yarda da faci. A je kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna a samo na Beljiyam.

Wajen mayarwa, canza robar bakin famfo in ta taurare. Zuba mai kaɗan, murɗa makulli sau uku ba tare da ka tayar ba, ka leƙa ƙasa, ka shinshina.

To, kai mai shuɗiyar riga, tun ɗazu hannunka na sama. Bismillah.