Harshen Makaranta da Rabuwar Kan Mutanen Pakistan

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai da ɗalibai, idan ana batun tasirin Turawa a kan al'adun Pakistan, hankali yakan tafi kan tufafi da finafinai da wayar hannu, amma a ganina tushen al'amarin yana cikin aji, wato harshen da ake karantar da yaro da shi.

Tun a shekarar 1835 Thomas Macaulay, wani jami'in Birtaniya, ya shawarci gwamnatin mulkin mallaka ta Indiya, ƙasar da daga baya aka yanko Pakistan daga cikinta, da ta mayar da Turanci harshen ilimi, domin a samu wani rukuni wanda jininsa na Indiya ne amma tunaninsa na Ingila. Shi kansa Muhammad Ali Jinnah, wanda ya jagoranci kafa Pakistan a 1947, a Landan ya yi karatun lauya, kuma bakinsa ya fi sakewa da Turanci. Da ya je Dhaka, babban birnin yankin gabashin Pakistan a lokacin, a watan Maris na 1948 ya sanar cewa Urdu kaɗai zai zama harshen ƙasa, da Turanci ya yi jawabin, a gaban jama'ar da Bengali ne harshensu. An harbe ɗalibai a birnin a ranar 21 ga Fabrairu 1952 saboda wannan rikici, kuma a 1971 yankin ya ɓalle ya zama Bangladesh.

Tsarin mulkin 1973 ya ɗibi shekara 15 domin Urdu ya maye gurbin Turanci a ofisoshin gwamnati. Wa'adin ya wuce ba a aiwatar ba, sai da Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a aiwatar a 2015, amma har yanzu wanda yake neman babban muƙami a aikin gwamnati da Turanci zai rubuta yawancin jarrabawarsa.

Ku dubi yara uku a Lahore. Ɗan mai hali yana makarantar kuɗi yana shirin jarrabawar Cambridge, ɗan ƙaramin ma'aikaci yana makarantar gwamnati da Urdu, na uku kuma yana madarasa yana haddar Alƙur'ani, alhali mai yiwuwa ne kakanninsu duka Punjabi suke yi a gida, harshen da ya fi kowanne yawan masu magana a ƙasar amma ba da shi ake karantarwa a aji ba. Idan suka girma, na farko yakan raina na biyu da cewa ɗan makarantar Urdu ne, su kuma su kira shi "burger", wato ɗan gatan da ya rikiɗe ya zama Bature. Mu da muka san tazarar da ke tsakanin boko da allo, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Kada kuma a ɗauka daga yamma kaɗai iskar take kaɗawa. Tun zamanin Janar Ziya'ul Haƙ, wanda ya yi mulki daga 1977 zuwa 1988, sallamar ban kwana ta "Khuda Hafiz", mai asali daga Farisanci, ta fara ja da baya, "Allah Hafiz", mai ɗauke da sunan Allah na Larabci, tana maye gurbinta, har ta kai yau za ka ji tsoho yana faɗin ta farko, jikansa yana gyara masa.