Kiwon aku: sana'ar da za a ajiye aiki dominta ce?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga wajen garin Pretoria nake magana da ku, a Afirka ta Kudu. Wannan hayaniyar da kuke ji a bayana ta aku ce, sai ku yi haƙuri da ita. A wata gonar kiwon aku nake, mai gonar ya yarda in ɗauki bidiyon kejuna, amma ban da fuskarsa da sunan wurin, kuma na yi masa alkawari.

Abin da ya kawo ni nan tambaya ce daga gida. Ƙanena da ke Tudun Wada a Kaduna ya kira ni, ya ce: "Yaya, na ji kuɗin da ake sayar da aku guda ɗaya, so nake in ajiye aikina in zuba abin da na tara a kiwonsu." Na ce masa ya dakata tukuna in je in gani da idona, gani ya kori ji. To ga shi na zo, kuma amsar da zan ba shi ita zan ba duk mai irin wannan tunani a Kawo ko Rigasa ko Barnawa.

Ku dubi wannan layin. Kowane keji mace da namiji ne kawai, da akwatin katako a maƙale ta baya inda suke yin ƙwai. Wannan shi ne akun da muka sani, mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda ke kwaikwayon sallama da ƙarar waya. Abu na farko da mai gonar ya faɗa mini shi ne lokaci. Wannan tsuntsu ba ya fara haihuwa sai ya kai shekara huɗu zuwa biyar, wani ma ya fi haka. Sannan da ido ba ka iya rantsuwa wannan mace ce wannan namiji ne, sai an cire gashi ko ɗigon jini an kai ɗakin gwaji. Mutum na iya ciyar da maza biyu shekara da shekaru yana jiran ƙwai. Ko an dace mace da namiji ne, sai sun yarda da juna. Ya nuna mini wasu biyu da suka daɗe a keji ɗaya, kowa na gefensa, ko kallon juna ba sa yi.

Idan Allah ya sa suka yi, ƙwai biyu ne zuwa huɗu, kwanci kusan kwana 28 zuwa 30, kuma ba duka ke ƙyanƙyashewa ba. Wanda ya fito, idan ana so ya saba da mutane har ya yi daraja a kasuwa, da hannu ake ciyar da shi, da sirinji ko ƙaramin cokali, abinci mai ɗumi daidai gwargwado. A kwanakin farko duk bayan awa biyu zuwa uku ne, kuma sai ya kai wajen wata uku kafin ya iya ci da kansa. A shekara sau ɗaya ko sau biyu ne uwar za ta yi maka haka. To ku lissafa da kanku. Mai wannan gona yana rayuwa da sana'ar ne domin kejunansa sun fi ɗari, yana da ma'aikata, yana da likitan tsuntsaye da ke zuwa, kuma ya fara ne yana da wani aikin da ke ciyar da iyalinsa. Mai aku huɗu a tsakar gida ba a wannan lissafin yake ba.

Yanzu ga wurin da ya fi damuna, kuma ina so ku saurara da kyau. A Najeriya, wanda za ka yi gogayya da shi a kasuwa ba makiyayi ne ɗan uwanka ba, mai tarko ne. Shi bai ciyar da tsuntsu shekara biyar ba, bai tashi da tsakar dare da sirinji ba. Ya shafa danƙo a reshe a dazukan kudu ko na Kamaru, ko ya hau bishiya ya kwashe 'ya'ya daga rami, aka cusa su a kwali aka ɗoro a mota zuwa arewa. Da yawa suna mutuwa a hanya, amma waɗanda suka iso ana sayar da su a farashin da kai ba za ka iya sauka ka same shi ba. Mai saye kuma, in ba wanda ya sani ba, araha yake bi.

Wannan kamun shi ne ya cinye tsuntsun. Binciken da aka yi a Ghana ya nuna cewa ƙasar ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na irin wannan aku tun daga 1992. Shi ya sa a taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, da aka yi a Johannesburg a 2016, nan kusa da inda nake tsaye, aka ɗaga shi zuwa rukuni na ɗaya, wato an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Wanda aka ƙyanƙyashe a keji ma ba ya tsallaka iyaka don kasuwanci sai gonar na da rajista da takardu. Kun ga wannan zoben a ƙafarsa? Tun yana ɗan mitsitsi ake zura shi, ba ya shiga ƙafar babba, shi ne shaidar cewa a gona aka haife shi. Mu ma a gida muna da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an yi mata gyara a 2016, kuma NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli, da jami'an kwastan suna kamawa. Don haka duk wanda ya ce maka ka tara aku zai haɗa ka da masu saye a ƙasashen Larabawa ba tare da takarda ba, hanyar kotu yake nuna maka. Ni kuma ko ba doka ba na son kuɗin. Tsuntsu ne mai wayo, yana shaƙuwa, idan ya shiga ƙunci har gashin jikinsa yake fizgewa. Mun san abin da aka faɗa game da matar da ta ɗaure kyanwa ba ci ba sha. Duk ran da ka sa a keji, haƙƙinsa na wuyanka.

Sai maganar masu saye. Aku na iya yin shekara 40 zuwa 50 a hannun mutum. Alhajin da ya saya a Unguwar Rimi bana ba zai dawo baɗi ba, watakila 'ya'yansa ne za su gaji tsuntsun. Mai kiwon kaji kuwa kowace Sallah da kowane biki sai an neme shi. Masu iya fitar da kuɗin aku a Kaduna ba su da yawa, sai ka haɗa da Abuja da Kano, ka nemi su ta Facebook da WhatsApp, ka kuma san yadda za ka kai tsuntsu da rai.

To me ya rage? Ku biyo ni wannan ɓangaren. Waɗannan ƙananan masu launin kore da shuɗi da rawaya su ne baji, 'yan asalin Ostireliya. Ga kuma kokatil mai tukku, ga lovebird mai jan goshi, irin da ake kira peach-faced. Waɗannan ukun ba sa cikin jerin CITES, an daɗe ana kiwonsu a keji a duniya, ba ka taɓa daji ba. Baji kan yi ƙwai huɗu zuwa shida, kwanci kwana 18, bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki 'ya'yan sun fito daga akwati, kuma iyayen ne ke ciyar da su. Kafin shekara ta zagayo su ma sun isa haihuwa. Abincinsu kuwa, a nan tsada suke saye a leda, mu kuma gero ne a kowace kasuwa, ga acca daga kudancin Kaduna, ga alayyahu da karas. Wanda ya taɓa kiwon tattabara ko kanari ba baƙo ba ne a nan. Ribar kowane ɗaya kaɗan ce, amma tana juyawa, kuma iyaye na saya wa yara.

Ko a nan ɗin ma akwai abin kiyayewa, musamman a garinmu. Iskar hunturu ta Disamba da Janairu tana kashe ƙananan 'ya'ya, sai an rufe gefen da take bugowa. Zafin Maris da Afrilu kuma yana son inuwa da ruwa, kada a ajiye keji a ƙarƙashin kwano kai tsaye. Wanda zai ciyar da hannu yana buƙatar akwatin ɗumi mai kusan digiri 35 a makon farko, kun kuwa san halin wutarmu, sai da sola ko batir. Ɓeraye da kyanwa da tururuwa suna shiga akwatin ƙwai. Gyaɗar da ta yi fumfuna guba ce gare su, haka piya, kada a ba su ko kaɗan. Sabon tsuntsu kuma a ware shi aƙalla wata ɗaya kafin a haɗa shi da na gida, domin akwai cutar da ke lalata baki da gashi wadda ba ta da magani, akwai kuma wadda ke kama mutum ta numfashi daga busasshen kashinsu. Alhamdulillahi muna da asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ba nisa. Ku san hanyarsa tun kafin ku sayi tsuntsun farko.

Wani abin da na lura da shi a nan: shagunan da ke tsaye da ƙafafunsu ba da tsuntsu kaɗai suke ci ba. Keji suke sayarwa, da haɗaɗɗen abinci, da mazubin ruwa, da akwatin ƙwai. Mai tsuntsu sau ɗaya yake sayen tsuntsu, amma abinci kowane wata. Ga masu walda da kafintoci a Panteka da za su ƙera maka keji mai kyau idan ka ba su awo.

Jiya da dare na kira ƙanen nawa. Na ce masa aikinsa kada ya taɓa shi. Ya fara da baji ma'aurata biyar ko shida daga hannun wanda ya ƙyanƙyashe su da kansa, ya sayi littafi ya riƙa rubuta kowace naira da ta fita da wadda ta shigo, har da tsuntsun da ya mutu. Idan ya yi shekara biyu littafin na nuna riba, sai mu zauna mu yi maganar faɗaɗawa. Ya ce to batun akun fa? Na ce ranar da ya samu wanda zai nuna masa iyayen tsuntsun da zobe a ƙafa da takarda, ya kira ni.

A bidiyo na gaba mai gonar zai nuna mana yadda yake haɗa abincin ƙananan, ni kuma zan gaya muku abin da zai maye gurbin kowanne a kasuwannin Kaduna. Sai mun haɗu, a gaida mutanen gida.