Amsoshin tambayoyinku: riƙon 'ya'ya da rabon kaya bayan mutuwar aure

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware a wannan mako duk sun shafi abin da ke biyo bayan saki ne, wato wanda zai riƙe yara da yadda za a yi da kayan da aka tara a zaman aure. A Najeriya, yadda aka ɗaura aure shi ke nuna kotun da za ta raba shi. Auren Musulunci kotun shari'a ake kai shi a jihohin da ke da ita, inda alƙalai ke hukunci bisa mazhabar Malikiyya, auren rajista kuma sai babbar kotun jiha.

Wasiƙa ta farko daga Funtuwa take. Wata baiwar Allah ta ce mijinta ya yi mata saki ɗaya, suna da namiji ɗan shekara 8 da mace 'yar shekara 3. Tana komawa gidan iyayenta sai ya aiko ƙanwarsa ta tafi da babban, ya kuma ce ƙaramar ma da ta cika shekara 7 zai karɓe ta. Tana tambaya ko haka shari'a ta tanada.

Malama, shari'ar da kotunanmu ke bi ba ta ce haka ba. Malamai sun raba haƙƙi biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. Akwai walicci, wanda ke hannun uba, ya ƙunshi kula da karatun yaro da tarbiyyarsa da dukiyarsa da aurar da shi. Akwai kuma hadana, wato riƙo da reno na yau da kullum, inda yaro zai kwana ya tashi da wanda zai yi masa wanka ya ba shi abinci, kuma wannan uwa ce a gaban kowa a kansa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya bayyana cewa bayan saki uwa ce ke riƙe ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare a gidan mijinta. Saboda haka ɗanki mai shekara 8 bai fita daga hannunki ba, balle ƙanwarsa.

Maganar shekara 7 tana da asali, sai dai daga wasu mazhabobi ta fito. Hanafawa sun ce riƙon uwa ga namiji yana ƙarewa wajen wannan shekara, Shafi'awa kuma sun ce idan yaro ya yi wayo sai a ba shi zaɓi tsakanin iyayensa. Abin da ya fi yawa a garuruwanmu ma bai kai ga wannan ba, al'ada ce kawai ta cewa ɗa na uba ne, da an yaye shi sai a miƙa. A ganina wannan al'ada ta fi cutar da yara fiye da yadda ake zato, domin uban da ya dage sai ya karɓi ɗansa ba shi ke renonsa ba. Da safe zai fita kasuwa ko wurin aiki, yaro ya wuni a hannun matar uba da ke fama da nata 'ya'yan, ko a hannun kaka da ƙarfinta ya ƙare. Wannan ne ya sa malamai suka jera mata a gaba: idan haƙƙin uwa ya faɗi, mahaifiyarta ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwar, kafin a zo kan kakar wajen uba da shi uban kansa.

Haƙƙin naki yana iya faɗuwa, kuma gara ki san ta inda zai faɗi. Babban dalili shi ne ki yi wani aure da mutumin da ba muharramin yaran ba ne, ki kuma tare. Ko a nan ma, idan wanda riƙo zai koma hannunsa ya san da auren ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba, ya rasa damarsa. Sauran dalilan sun haɗa da taɓin hankali, da rashin amana, da ciwon da zai hana kula da yaro ko ya cutar da shi, da zama a wurin da babu tsaro gare shi, kuma wanda ya yi zargin ɗaya daga cikinsu shi zai kawo shaida. Haka nan idan uba zai yi ƙaura ta dindindin zuwa gari mai nisa, yana iya tafiya da 'ya'yansa, sai fa idan uwar ta yarda ta koma can ita ma.

Kada ki je ki ɗauko yaron da ƙarfi ko ki tare shi a hanyar makaranta. Ki fara da manyan dangi, ko hukumar Hisba idan akwai ta kusa da ke, kuma duk sulhun da aka yi a rubuta shi a sa hannu gaban shaidu. Idan ya ƙi, sai waliyyinki ya raka ki kotun shari'a ki nemi hadana da kuɗin ciyarwa a ƙara guda. Wanda hukunci bai gamsar ba yana da hanyar ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumi a kan aure da riƙon yara da gado. Wani abu kuma da ba ki tambaya ba: saki ɗaya aka yi miki, kuma aya ta farko ta Suratu Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta kafin ta gama idda. Ci da sha da tufafi da wurin kwana duk suna wuyansa har iddar ta cika.

Wasiƙa ta biyu daga Gombe take, kuma ita ce ɗaya gefen wannan magana. Wani magidanci ya ce kotu ta bar wa tsohuwar matarsa 'ya'ya uku, ta kuma yanka masa kuɗin da zai riƙa bayarwa kowane wata, alhali matar ma'aikaciya ce kuma tana hana shi ganinsu. Yana tambaya ko zai iya daina biya har sai ta bari ya gan su.

Malam, ba za ka iya ba. Ciyar da 'ya'ya yana bin uba ne a duk inda suke, ko da uwarsu ta fi shi samu, kuma kuɗin haƙƙin yaran ne, ba lada ba ne da ake biyan uwarsu. Yana kanka har namiji ya balaga ya iya neman na kansa, mace kuma har ta tare. Amma kana da gaskiya a rabin kukanka, domin riƙo bai ba ta ikon raba ka da su ba. Ka koma kotun da ta yi hukuncin ka nemi a tsayar da ranakun ziyara, kuma idan samunka ya ragu ka nemi a sake duba adadin, tunda aya ta 7 ta Suratu Ɗalaƙ ta ɗora wa kowa gwargwadon abin da yake da shi. Ka riƙa biya ta banki ko ta hannun magatakardan kotu, saboda wanda ke miƙa kuɗi hannu da hannu a ƙofar gida ba shi da abin nunawa ranar da aka musa.

Daga Zariya kuma wata malamar makaranta ta rubuto cewa sun yi shekara 14 da mijinta kafin ya sake ta. Ta sayar da gonar da ta gada, ta haɗa da kuɗin adashe ta ba shi lokacin da ake ginin gidan da suke ciki, amma takardun duk da sunansa. Ta ji cewa a Ingila raba dukiya ake yi biyu, shi kuma yanzu har yana cewa ta dawo masa da lefe.

Malama, a shari'ar Musulunci aure ba ya haɗe dukiya. Abin da kowa ya shigo da shi ko ya samu a cikin auren nasa ne, kuma yawan shekarun zama ba ya ba ki rabin gidan. Amma wannan ƙa'ida ita ce kuma ke kare ki. Sadakinki naki ne baki ɗaya tunda kin tare, haka kayan ɗakin da iyayenki suka yi miki da albashinki da gadonki. Wanda ya yi saki don raɗin kansa bayan tarewa ba shi da hurumin neman sadaki ko lefe, kuma aya ta 20 ta Suratun Nisa'i ta hana karɓar komai daga abin da aka ba mace ko da tarin dukiya ne. Hul'i ne ya bambanta, inda mace ke fansar kanta, galibi da mayar da sadaki, kuma ko shi idan ta tabbata an cutar da ita ne don ta nemi fita, alƙali na iya raba auren ba tare da ta biya komai ba.

Game da gidan, alƙali zai tambaye ki da wane nufi kika ba da kuɗin. Idan bashi ne za a biya ki abin da kika bayar, idan tarayya kuka ƙulla kina da kaso gwargwadon abin da kika zuba, idan kuwa kyauta ce to ta tafi. Ke ce mai da'awa, don haka shaida na kanki. Ki nemo wanda ya sayi gonar da waɗanda suka shaida cinikin, da uwar adashe, da bayanan banki, da rasiɗin siminti ko kwano idan da hannunki kika saya, har da saƙonnin waya da ya ambaci kuɗin a ciki. A sha'anin dukiya Malikiyya na karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa, kuma wannan sauƙi ne babba ga mace irinki da ta ba da kuɗi a cikin ɗaki bisa yarda. Kayan cikin gida da aka yi jayayya a kansu ba tare da shaida ba, alƙali zai duba al'ada: abin da aka san na mata ne ya ba matar da rantsuwarta, abin da aka san na maza ne ko na kowa da kowa ya ba mijin da tasa rantsuwar. Wannan ne ya sa firiji ko talabijin da mace ta saya da kuɗinta ke iya kuɓuce mata idan ba ta ajiye rasiɗi ba. Idan kuɗin lauya ya gagara, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Tambaya ta ƙarshe daga Kafanchan take, inda wani mai sauraro da aka ɗaura wa aure a coci ke son sanin ko abin da muka faɗa ya shafe shi. Malam, idan aurenku na rajista ne, dokar shari'o'in aure ta 1970 ce ke aiki, kuma babbar kotu kaɗai ke iya raba shi, bayan ta gamsu cewa ya lalace yadda ba zai gyaru ba. Ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu, ban da wasu 'yan dalilai da dokar ta keɓe. A kan yara, sashe na 71 ya ce maslaharsu ce a gaba da komai, ba tare da fifita uba ko uwa ba. A kan dukiya, sashe na 72 ya bar wa alƙali ya yi abin da ya ga adalci ne, kuma a shari'o'i da dama kotunan sun nemi kowa ya nuna gudummawar da ya bayar. Sai dai ka fara duba takardar aurenku, domin ba kowane auren coci ne na rajista ba. Idan cocin ba ta da lasisin ɗaura aure, ko ba a karɓo takardar magatakardan aure ba kafin bikin, to albarka kawai aka sa wa auren gargajiya, kuma kotun gargajiya ce za ta saurare ku.