Lasisi daban, izinin mota daban: sayar da abinci a titunan New York

Kun ga wannan layin? Shinkafa da kaza ake jira. Tun da Zohran Mamdani, lokacin yana takarar magajin garin New York, ya saki bidiyonsa a 2025 kan tsadar abincin halal na bakin titi, tambaya ɗaya ke ta yawo: ba lasisi kawai mutum zai yanka ya fara ba?

Ina! Takardu biyu ne, kuma a nan ake ruɗewa.

Ku dubi katin da ke rataye a wuyan wannan bawan Allah. Lasisi ke nan, na mutum ne. Ka yi kwas ɗin tsaftar abinci na awa 8, ka ci jarrabawa, ka biya dala 50, hukumar lafiya ta birnin ta ba ka.

To, yanzu ku dubi sitikar da ke manne a jikin motar sayar da abincin. Wannan shi ne izini, kuma na motar ne. Kana iya riƙe lasisi shekara da shekaru ba ka da ikon fito da motarka, sai dai ka yi wa wani aiki. Direba ne da lasisin tuƙi, motarsa ba lamba.

Me ya sa? A 1983 birnin ya ƙayyade izinin cikakkiyar shekara a wajen 3,000. A hukumance dala 200 ne na shekara biyu. Amma wasu da suka samu tun tuni suna zaune a gida, suna ba da hayarsa ta bayan fage a kan abin da ya kai dala 20,000. Doka ta hana, ana yi. Wa zai biya? Kai mai cin shinkafa.

Dokar 2021 ta ce a riƙa ƙara izini 445 kowace shekara har shekara goma, kuma dole mai sabuwar takardar ya kasance a wurin idan ana ciniki. A ganina wannan sharaɗin ya fi ƙarin adadin amfani.

Sauran kuwa, ga su nan kuna gani. Wurin wanke hannu. Abinci mai zafi kada ya sauka ƙasa da digiri 60 na Celsius, mai sanyi kada ya haura 5. Kullum mota ta koma ma'ajiya mai rajista a wanke ta. Tun 2018 ake liƙa musu makin A, B ko C kamar gidajen abinci. Miyar da uwargida ta dafa a gida kuwa, komai daɗinta, ba ta shiga motar nan.