Teburin Ƙarfe Shida: Yadda Ake Tsara Yini a Disney World Tun Daga Abuja

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan bidiyo na iyalan da suka riga suka sami biza, suka yanki tikitin jirgi, kuma suke shirin kai yara Disney World da ke jihar Filorida ta Amurka a lokacin hutu. Magana ɗaya za mu yi a yau: yadda teburin cin abinci guda ɗaya, idan an kama shi a wurin da bai dace ba, yake cinye rabin yinin da aka biya kuɗi mai yawa dominsa.

Yawancinmu idan aka ce wurin wasan yara, abin da ke zuwa mana a rai shi ne irin Magic Land da ke kusa da ƙofar shiga Abuja, inda mutum zai tsaya a tsakiya ya hango kusan komai. Disney World ba haka yake ba. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 100, kuma manyan filayen wasa huɗu ne a ciki, kowanne da ƙofarsa: Magic Kingdom da aka buɗe a 1971, EPCOT a 1982, Hollywood Studios a 1989, sai Animal Kingdom a 1998. A tsakaninsu akwai manyan tituna, tafkuna, dazuzzuka da otal-otal sama da ashirin. Gidajen abincin da ake rububinsu a warwatse suke, wasu a cikin filayen, wasu a cikin otal-otal ɗin. Wanda ya kama tebur bai duba inda yake ba, kamar mutumin da ke da taro a Asokoro ƙarfe biyar ne ya yi alkawarin cin abinci a Kubwa ƙarfe biyar da rabi.

Mu fara da ranar kama tebur. Ana buɗe damar kamawa kwana 60 kafin ranar da za a ci abincin, da misalin ƙarfe shida na safe agogon Filorida, ta shafinsu na intanet ko ta manhajar My Disney Experience. A nan mu mutanen Abuja muke da sauƙi, domin ba sai mun yi asubanci ba. Daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba tazarar da ke tsakaninmu awa biyar ce, wato ƙarfe shida nasu ƙarfe sha ɗaya ne namu. Daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Maris tazarar ta koma awa shida, sai ya zama ƙarfe sha biyun rana. Ranar da za ku zauna yin kamun ita za ku duba, ba ranar tafiya ba. Misali, idan za ku fara shiga ranar 10 ga Agusta, to ranar 11 ga Yuni ƙarfe sha ɗaya saura kwata ku kasance a gaban kwamfuta, kun riga kun buɗe asusu, kun saka sunayen kowa, kun saka katin banki. Ku gwada katin tun da sauran mako guda ku tabbatar yana biya da dala. Ba a kama tebur sai da kati, kuma yayin da kuke kiran banki kuna jiran amsa, wani a Landan ya ɗauke wurin.

Wanda zai sauka a otal ɗin Disney yana da ƙarin gata. Ranar da kwana 60 ɗinsa ya cika kafin ranar saukarsa, zai iya kama teburan dukan kwanakin zamansa a zama ɗaya, har zuwa kwana goma. Amfanin wannan shi ne, wuraren da suka fi wuyar samu, irin su Cinderella's Royal Table a Magic Kingdom, ko Space 220 a EPCOT, ko Chef Mickey's, sai ku neme su a kwanakin ƙarshe na tafiyarku, domin waɗannan ranaku ba a buɗe wa sauran jama'a su ba tukuna. Wanda ya sauka a otal na waje kuwa, kullum sai ya dawo ya kama na rana ɗaya-ɗaya.

Amma kafin duk wannan, ku ɗauki takarda ku rubuta filin da za ku shiga kowace rana. Fili ake fara zaɓa, sannan a nemi abinci a cikinsa ko a maƙwabtansa. Masu yin akasin haka su ne ake gani da rana tsaka suna jan yara suna gudu zuwa tashar bas. Kuma ku sani, kama tebur a gidan abincin da ke cikin fili ba ya ba ku izinin shiga filin. Sai kuna da tikitin shiga na wannan rana. Idan kuna Hollywood Studios da safe, abincinku kuma yana cikin EPCOT, sai tikitinku ya kasance irin wanda ake kira Park Hopper, mai ba da damar shiga fili fiye da ɗaya a rana, kuma kuɗinsa ya fi na gama-gari. In ba shi ba, a bakin ƙofa za ku tsaya kuna hangen wurin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato lissafin hanya. Su kansu masu wurin suna shawartar a ware har awa ɗaya da rabi idan da motocinsu za a tafi cin abinci. Mutane kan ɗauka sun zuzuta, to bari mu warware lissafin a gabanku. Iyali mai mutum shida suna cikin Animal Kingdom, sun kama tebur a 'Ohana da ke otal ɗin Polynesian ƙarfe shida na yamma. Daga can ƙuryar filin zuwa ƙofar fita, da ƙananan yara da keken jariri, ku ware minti 20. Daga ƙofa zuwa layin bas, minti biyar. Bas na zuwa ne kusan duk bayan minti 20, kuma idan ta cika kafin layi ya zo kanku, sai ta gaba. Kafin ku hau sai an ciro jariri an naɗe kekensa. Tafiyar kanta kamar minti 20 zuwa 25 ce. A otal ɗin sai an nemi hanya, an hau bene, wani yaro ya ce zai zaga. Ku tara ku gani: wanda bai bar inda yake ba ƙarfe huɗu da rabi, ya makara. Cin abincin zai ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Idan ya ce zai koma filin, ga wata awar. Tikitin babba na rana ɗaya ya haura dala 100, kuma tebur guda ya cinye awa uku zuwa huɗu a cikin yinin. Ku ninka wannan sau shida, ku mayar da shi naira.

Akwai ƙa'ida ɗaya da za ta rage muku wahala. Daga kowane fili akwai abin hawa zuwa kowane otal na Disney, ko da ba a can kuka sauka ba. Amma babu bas da ke zirga-zirga daga otal zuwa otal. Saboda haka tafiya daga fili zuwa otal yawanci hawa ɗaya ce, daga otal zuwa otal kuwa hawa biyu, domin sai kun bi ta wani fili ko ta Disney Springs, wato wurin shaguna da gidajen abinci na Disney, kun sake mota. Wannan iyali namu, idan a otal ɗin Pop Century suka sauka, bayan sun gama cin abinci sai sun koma bakin Magic Kingdom tukuna, sannan su bi layin bas ɗin otal ɗinsu. Idan fitarsu ta yi daidai da tashin wasan wuta na dare, za su tarar da cunkoso irin na Nyanya da magariba.

Magic Kingdom yana da tarkonsa na daban ga masu hayar mota ko masu kiran Uber. Ba a ajiye mota a ƙofarsa. Ana tsayawa ne a wata babbar tasha da ke ƙetaren tafki, daga nan a bi ta binciken jaka, sannan a hau ko dai jirgin ruwa ko jirgin nan mai tafiya a kan layi ɗaya da ake kira monorel. Taswirar waya za ta ce kun iso, alhali da sauran minti 30 zuwa 45 kafin ku taka cikin filin. Bas ɗin Disney ne ke sauke mutane a bakin ƙofa.

To ina ake cin abinci ba tare da asarar yini ba? A maƙwabta. Idan kuna Magic Kingdom, otal uku ne a kan layin monorel: Contemporary, Polynesian da Grand Floridian. Contemporary ma da ƙafa ake zuwa cikin kamar minti goma, kuma a can Chef Mickey's yake. EPCOT yana da ƙofa biyu, kuma ta baya ita ce mutane da yawa ba su sani ba. Ta nan ake fita zuwa otal-otal ɗin BoardWalk da Beach Club da Yacht Club da ƙafa, kuma a nan tashar Skyliner take, waɗannan akwatuna masu tafiya a kan waya a sama da aka fara aiki da su a 2019, masu haɗa EPCOT da Hollywood Studios da wasu otal huɗu. Idan teburinku yana ɓangaren Maroko ko Faransa, wato cikin sassan EPCOT da aka gina da siffar ƙasashe, ƙofar baya ta fi kusa nesa ba kusa ba. Ta ƙofar gaba sai kun ratsa rabin filin, kuma zagayen tafkin da ƙasashe 11 ke kewaye da shi ya kusa kilomita biyu. Sai dai a kula, ana tsayar da Skyliner idan ana walƙiya da tsawa, kuma daga Yuni zuwa Satumba hadarin la'asar kusan abin kullum ne a Filorida. Dogon hutun makarantunmu kuwa a tsakiyar wannan lokaci yake faɗowa. Duk teburin yamma da ya dogara da Skyliner, ku ƙara masa rabin awa.

Wani kuskure da ake yawan yi: Boma da Sanaa, gidajen abinci masu ɗanɗanon Afirka da Indiya da namu suke so, ba a cikin Animal Kingdom suke ba. A otal ɗin Animal Kingdom Lodge suke, kuma sai an hau mota. Su biyun ma ba a gini ɗaya suke ba, Boma yana Jambo House, Sanaa yana Kidani Village. Wanda ke cikin filin shi ne Tusker House.

Sai batun wane lokaci na yini. Da sanyin safiya ake kama fara. Awa biyun farko bayan buɗe ƙofa su ne layukan wasanni suka fi gajarta, kuma mazauna otal ɗin Disney ana barinsu su shiga minti 30 kafin kowa. Ban ga dalilin da zai sa a zauna karin kumallo ƙarfe tara ba. A ci wani abu a ɗaki, a fita. Teburin zama ya fi amfani tsakanin ƙarfe ɗaya da uku, lokacin da rana ta take, layuka sun yi tsawo, yara sun fara ƙorafi. Ku zauna cikin sanyin na'ura ku huta, kuma a daidai nan za ku gyara lissafin sallah, tunda matafiyi yana da sauƙin haɗa Azahar da La'asar. Tebur ɗaya a rana ya isa. Sauran lokutan ku yi oda ta manhaja a wuraren sayar da abincin gaggawa, ko ku shiga da naku. An yarda a shiga da abinci da ruwa, ban da kwalba ta gilashi.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Babu jirgin da ke tashi daga Abuja kai tsaye zuwa Olando, sai an ya da zango, kuma jikin yaro yana nan a agogon gida na kwanaki. Ƙarfe bakwai na yamma a can sha biyun dare ne a jikinsa. Za ku ga ɗan shekara biyar ya kifa kansa a kan tebur, cokali a hannu, shinkafa a kumatu, kuma kun biya masa cikakken kuɗin abincin. A kwana biyun farko kada ku kama teburin dare ko ɗaya. Ranar sauka kuwa kada ku kama komai, domin layin jami'an shige da fice ba shi da alkawari.

Idan kun ga ba za ku isa ba, ku soke ta manhaja. A yawancin wuraren, wanda bai soke ba aƙalla awa biyu kafin lokaci kuma bai zo ba, ana cire dala 10 a kan kowane mutum daga katinsa. Mutum shida, dala 60 ke nan ba ku ci komai ba. Wasu wuraren, kamar Cinderella's Royal Table, tun ranar kamawa ake biyan kuɗin gaba ɗaya, don haka ku karanta sharaɗin kowanne kafin ku danna. Idan kun sayi Lightning Lane, wato izinin bin gajeren layi, ku tuna awa ɗaya ake ba ku ku je, kada ku zaɓi awar da ta hau kan lokacin abinci.

Wajen ƙirga mutane ku haɗa da jariri, ko da ba zai ci ba, domin kujera ake lissafi. Daga shekara uku zuwa tara ne ake biyan kuɗin yara, ɗan shekara goma kuɗin babba zai biya. Tebur mai mutum shida ko fiye ana ƙara masa tukuicin kashi 18 cikin ɗari kai tsaye a takardar biya, ku duba kada ku biya sau biyu. Idan manhaja ta ce babu tebur na mutum takwas, ku gwada huɗu-huɗu a lokuta masu kusa da juna, maigida da asusunsa, uwargida da nata. Game da halal, ku sanar tun wajen kamawa, sannan da kun zauna ku ce a kira muku mai dafa abincin ku tambaye shi ko akwai naman alade ko giya a cikin miya. Suna fitowa, kuma wannan ma yana ƙara minti goma zuwa sha biyar a zamanku.

Na ƙarshe, ga masu tunanin tsallake duk wannan da Uber ko Lyft. Tsakanin otal da otal hakan ya fi, minti 15 maimakon awa guda. Amma dokar Filorida ta wajabta kujerar mota ta musamman ga yaro ɗan shekara biyar zuwa ƙasa, kuma yawancin direbobi ba sa yawo da ita. Motocin Minnie Van da ake kira ta manhajar Lyft suna ɗauke da kujerun yara, sai dai kuɗinsu ya fi tsada sosai. Idan da ƙaramin yaro a tafiyar, ku yanke shawarar wacce za ku bi tun kuna Abuja, ku rubuta ta a gefen kowane tebur a takardarku, tare da ƙarfen da za ku tashi daga inda kuke.