Amsoshin Tambayoyinku: Zafi da Raɗaɗi Wajen Maganin Yawan Gumin Hammata

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da suka taru wannan makon kusan duk kan abu ɗaya suke, wato yawan gumin hammata, irin wanda ke jiƙe riga ko da mutum na zaune cikin inuwa. Abin da ya fi damun masu rubutowa shi ne zafin maganin. Muna tare da likitan fata. Likita, barka da zuwa.

Likita: Barka kadai, Malam. Allah ya ba marasa lafiya lafiya.

Mai gabatarwa: Amin. Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce an ba ta shawarar allurar Botox, amma ta ji wai sai an soke ta wuri fiye da 20. Tana tambaya, mutum zai iya jurewa kuwa?

Likita: Hajiya, adadin da kika ji gaskiya ne, amma ki kwantar da hankalinki. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Botox don gumin hammata tun 2004, kuma tsarin sananne ne. Kowace hammata ana sa mata yunit 50, a rarraba wuri 10 zuwa 15, tsakanin kowane biyu santimita 1 zuwa 2. Allurar siririya ce ƙwarai, irin ta masu ciwon sukari, kuma zurfinta kamar milimita 2 ne kawai, domin maɓuɓɓugar gumin a cikin fata take, ba a tsoka ba. Maganin yana tare saƙon da jijiya ke aika mata cewa ta saki gumi.

Zafin kamar cizon cinnaka ne, ya yi tsam na ɗan lokaci ya lafa. Hammata ta fi tafin hannu da tafin ƙafa sauƙi nesa ba kusa ba, domin can jijiyoyin ji sun fi yawa, fatar kuma ta fi kauri. Sukar kanta gaba ɗaya ba ta cika wuce minti 10 zuwa 15 ba.

Mai gabatarwa: To akwai abin da za a yi a rage ko da wannan ɗin?

Likita: Akwai, kuma haƙƙinta ne ta nema. Mafi sauƙi ita ce ƙanƙara. A naɗe ta a tsumma mai tsabta a ɗora minti ɗaya zuwa biyu, a soka wuri uku ko huɗu, a matsa gaba a sake ɗorawa. Idan aka sanyaya hammatar duka lokaci guda, kafin a kai ƙarshe sanyin ya gudu.

Sai man kashe zafi mai lidoken da firiloken, wanda aka sani da EMLA. A nan ne aka fi yin kuskure. Ba murza shi ake yi ba. Ana shimfiɗa shi da kauri, a rufe da leda, a jira minti 60 cif. Wanda aka shafa masa aka soke shi bayan minti 10 zai ce man ba ya aiki, alhali bai kai ga ratsa fata ba. Kuma kada a saya a kemis a malale jiki da shi a gida, domin idan ya yi yawa yana shiga jini ya hana shi ɗaukar iska yadda ya kamata.

Sauran yana hannun mai yin allurar. Idan ya tura ruwan a hankali, fata ba ta buɗewa da ƙarfi. Bakin allura yana dakushewa bayan 'yan suka, don haka likita mai kula yakan canza ta, ko ba komai idan zai koma ɗaya hammatar. Ruwan gishirin da aka dama maganin da shi ma yana da tasiri, wanda ke da sinadarin benzil alkohol bai kai ɗayan raɗaɗi ba.

Kafin a fara, ana shafa aidin a bar shi ya bushe, a barbaɗa garin sitaci. Duk inda gumi ke fita sai ya koma shuɗi mai duhu, sai a zana iyakarsa. Wannan gwaji ba ya zafi, kuma yana hana a soki wurin da bai buƙata. Mai kula ba ya soka allura kan ɗigon tawada, sai gefensa, kada tawadar ta shige fata ta zauna. Ki yi aski kwana ɗaya kafin ranar, ki bar shafa komai a wurin awa 24, kuma idan aidin na yi miki borin jini ki faɗa tun farko.

Mai gabatarwa: Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce shi bai kai ga allura ba. Ya sayi ruwan shafawa mai ƙarfi, Driclor, amma daren farko bai runtsa ba saboda raɗaɗi, har wurin ya saɓule.

Likita: Allah sarki. Wannan koke ya fi kowane yawa, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne. Abin da ke cikin kwalbar aluminiyom kuloraid ne, kashi 20 cikin 100. Idan ya haɗu da ruwa sai ya saki asid, shi ne ke ƙona fata. Wanda ya fito daga wanka ya shafa, ko ya shafa yana cikin gumi, shi ya haɗa wa kansa asid ɗin.

Ga yadda ake yi. Da dare ake shafawa, daf da kwanciya, lokacin da gumi ya lafa. A goge hammata ta bushe ƙarau, a tsaya gaban fanka in akwai. A shafa kaɗan, bi ɗaya ko biyu, a bar hannu a ɗage har ya sha iska, da asuba a wanke da ruwa da sabulu. Kada a shafa kan sabon aski, a ba shi kwana ɗaya zuwa biyu. Mai aske hammata ranar Juma'a ya bari sai daren Lahadi. Ana yi kullum har gumi ya ragu, sai a koma sau ɗaya ko biyu a mako. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, da mutum ke kwana cikin zufa, bushewar na da wuya, gara a fara gwadawa lokacin hunturu.

Shi ɗan'uwanmu yanzu ya dakata har fatar ta warke. Man haidurokotizon kashi 1 cikin 100 na 'yan kwanaki yana kwantar da jan da ƙaiƙayin, amma ba a sa shi kan buɗaɗɗen ciwo. Ina roƙonsa kada ya bi da lemon tsami ko alimun. Fatarmu idan ta ƙone takan bar baƙin tabo mai ɗaukar watanni, daga nan wasu su faɗa wa man bilicin, matsala ta zama biyu.

Mai gabatarwa: Ga wata ɗaliba da ke karatu a Ingila, tana tambaya kan na'urar miraDry, wadda aka ce tana kashe gumin gaba ɗaya.

Likita: Ita wannan an ba ta izini a Amurka a 2011. Tana aika zafin maikurowef ƙarƙashin fata ya lalata maɓuɓɓugar gumin, yayin da wani faranti ke sanyaya saman fatar. Abin da aka lalata ba ya dawowa, ko da yake wasu sai an yi musu sau biyu. Ba a yin ta sai an cika hammata da allurar kashe zafi, kuma wannan allurar ita ce inda aka fi ji. Da wurin ya mutu, sai dai ki ji na'urar na zuƙo fata. Aikin yakan ɗauki kamar awa ɗaya.

Abin da nake so ta shirya masa shi ne bayan ta koma gida. Idan allurar ta sake ta, hammata za ta kumbura ta yi tsami, wasu har su riƙa tafiya hannuwa a buɗe na kwanaki. A riƙa ɗora ƙanƙara cikin tsumma minti 15 zuwa 20 a huta, a sa riga mai yalwa, a bar ɗaukar kaya masu nauyi. Ƙulluwa ƙarƙashin fata da jin wurin ya mutu na iya kai makonni, gashin wurin ma yakan ragu. Amma idan yatsu suka mutu ko hannu ya yi rauni, wannan jijiyar hannu ce zafin ya taɓa, an fi ganinsa ga marasa jiki, ta koma wurin likitan ba tare da jinkiri ba. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ba a yi masa wannan aiki.

Mai gabatarwa: Wasiƙa ta ƙarshe daga Kano. Ya ce a wani shagon gyaran jiki an ce za a yi masa Botox da araha. Ya je?

Likita: Kada ya je, Alhaji. Botox guba ce da aka tace aka auna, a firji take zama tsakanin digiri 2 zuwa 8. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ka tambayi yadda suke ajiya, ka ga kwalbar a rufe, ka duba rajistar NAFDAC da ranar lalacewa. Ko a Amurka, a 2024 an kwantar da mutane a asibiti saboda jabun Botox da waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba suka yi musu.

Bayan allura ta gari, ɗan ja da ɗan taruwar jini kwana biyu ko uku ba komai ba ne, farasitamol ya wadatar. Asfirin da ibufurofen suna ƙara taruwar jinin, amma wanda likita ya ɗora kan asfirin kada ya daina da kansa. Gumi zai fara raguwa cikin mako guda, maganin yakan riƙe wata shida zuwa bakwai, sai a sake. Zafin da ke ƙaruwa da zazzaɓi ko mugunya, ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Wahalar haɗiya ko numfashi, gani biyu-biyu, ko fatar ido ta sauko, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Ba a yi wa mai ciki, da mai shayarwa, da mai cutar raunin tsoka, da mai maruru a wurin allurar Botox, kuma mai karɓar allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jentamaisin ya sanar da likita. Wanda kuma guminsa ya fara rana tsaka yana babba, a duk jiki, ko yake jiƙe shimfiɗa da dare tare da rama ko tari, ba hammatarsa za a fara dubawa ba. A gwada shi tarin fuka, da sukari, da ciwon maƙoƙo tukuna.